Gonar da ta daina jin taki: amsa ga ɗan'uwanmu na wajen Kumo

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara arziki. Na karanta tambayarka har sau biyu. In na fahimce ka daidai, gonar gado ce eka huɗu a wajen Kumo, masara kake zuba mata kowace damina fiye da shekara goma, da can buhun taki huɗu ya ishe ka amma yanzu kana saka shida har bakwai kuma masarar da kake ɗauka ba ta kai ta da ba, ga wuta-wuta ta cika gefe ɗaya, sannan wani ya ce maka takin zamani ne ya kashe gonar, ka daina shi gaba ɗaya ka koma na gargajiya. Shine kake tambaya ko gaskiya ne.

Toh kar ka daina. In ka yanke takin zamani dare ɗaya a gonar da ta kai wannan hali, masarar bana ko kuɗin huɗa ba za ta mayar maka ba. Amma shi ma mutumin bai yi ƙarya duka ba, ya ga ciwon ne ya kasa faɗin sunansa.

Na yi shekaru ina aikin malamin gona tsakanin Bauchi da Gombe tun kafin a raba jihar a 1996, kuma wannan kukan naka na ji shi ya fi a ƙirga. Abin da na kan fara tambayar mutum shine, me kake fitarwa daga gonar nan kuma me kake mayar mata? Zauna ka yi lissafi da kanka. Kaka ta yi ka kwashe masara. Kara ka tara ka kai gida ko ka sayar, na dawa a yi danga da shi ko a hura wuta. In akwai wake a ciki, harawa ta hau kan rumfa. Ɗan abin da ya rage shanu da tumaki sun bi sun share a rani. Da bazara kuma aka zo sharar gona aka tattara sauran aka cinna masa ashana. Kaga kenan ko tsinke ɗaya bai koma cikin ƙasar nan ba, shekara goma sha. Abin da ya koma mata kawai takin kamfa, wato NPK, da yuriya, su kuwa abincin shuka ne na damina ɗaya, ba sa gina jikin ƙasa.

Jikin ƙasa da nake faɗi shine wannan ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi da ya narke ya zama ɗaya da ita, wanda ke sa ta yi duhu ta yi laushi ta riƙa ƙamshi in an yi ruwan farko. A boko oganik mata ake ce masa, ni na fi son in ce maiƙon ƙasa. Shi ke riƙe ruwa, shi ke riƙe taki kar ya zurare, shi ne abincin tana da gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda su ke sarrafa komai kafin saiwa ta iya sha. Ƙasashen tudu na arewacin Najeriya dama can ba su da shi da yawa, in an auna yawanci kabon ɗin da ke ciki ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari, sabida zafin ranarmu na cinye shi da sauri. Ƙari kuma yawancin gonakin tudu na Akko da Kwami da Dukku ƙasa ce mai yashi. Yashi da ba maiƙo kaman rariya yake, ka zuba yuriya yau, a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu a watan Agusta, ta wuce inda saiwar masara za ta kai. Kuɗinka ne ke tafiya ƙasa, shi ya sa kake ganin kaman takin ne ya rage ƙarfi. Lokacin da gwamnatin tarayya ke sayar da buhun kamfa naira 5,500 wajen 2017 mutane ba su damu da wannan asarar ba, sai su ƙara buhu kawai, yanzu kuwa ba sai na faɗa maka ba.

Inda mutumin naka ke da gaskiya shine yuriya in ana ta zuba ta ita kaɗai shekara da shekaru a ƙasa mai yashi tana sa ƙasar ta yi tsami a hankali, in ta yi tsami kuma shuka ba ta iya cin fosfaras ɗin da ke ciki yadda ya kamata. Amma kar ka je ka sayo farar ƙasa ka watsa don ka ji na ce haka, sai an auna tukuna. Akwai masu ilimin ƙasa a jami'ar ATBU Bauchi da jami'ar tarayya ta Kashere, kuma ofishin ADP na kusa da kai, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, zai iya nuna maka inda za ka kai samfur.

Kafin awon ma akwai gwajin da za ka yi da hannunka ba ko sisi. Ɗauki fartanya ka haƙa rami tsawon kamu ɗaya a tsakiyar gonar, ka haƙa wani a ƙarƙashin ɗorawa ko gindin shinge inda garma ba ta taɓa bi ba. Dubi launinsu, shinshina su, ɗebo ɗan curi daga kowanne ka jefa a kofin ruwa. Na tsakiyar gona nan take zai watse ya zama kunu, na gindin bishiya zai daɗe a dunƙule. Sannan ka samu gwangwani ka yanke sama da ƙasa, ka kafa shi a wuraren biyu ka cika da ruwa ka ga wanda zai riga shanyewa. In kuma tarakta kake kira kowace shekara ta bi da haro, bayan an yi ruwa ka soka rodi ka ji ko zai tsaya cak a wani wuri, don haro yana bin zurfi ɗaya ne kullum, ƙarƙashinsa sai ya daskare kaman daɓe, saiwa ba ta huda shi sai ta kwanta gefe. Gani ya kori ji.

Ita wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji, shaida ce kawai. Ta fi son gonar da ta talauce kuma ake ta maimaita mata hatsi iri ɗaya. Tsiro ɗaya na iya zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kaman ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira, ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar masara ko dawa ko gero ke fitarwa. Kai kuwa shekara goma sha kana kiran su da bakinka. Kuma tun kafin ka ga furen nan mai kyau a sama ta riga ta gama tsotse masarar a ƙarƙashi. Duk wadda ka gani ka tuge ta kafin ta yi iri, ka fitar da ita daga gonar ka ƙone, ita kam na yarda a ƙone ta.

Yanzu ga inda na ke saɓa wa masu kawo mana darasi daga waje. Za ka ga bidiyon manoman Amurka ko Burazil suna cewa a bar duk karan a gona ya rufe ƙasa, kar a yi huɗa, a shuka ciyawar rufi a lokacin da ba noma. Maganar daidai ce a ilmance, amma mu nan wata shida zuwa bakwai ba ɗigon ruwa, kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, gonarka ba waya a kewaye, in ka bar kara a watan Disamba kafin Fabrairu ba za ka tarar da komai ba. Wanda ya ce wa mai tumaki biyar ya bar harawarsa ta ruɓe a gona bai san watan Afrilu a ƙauye ba. Don haka ni abin da na ke cewa shine, kara ya je gida ba laifi, amma ya dawo. Ya shiga cikin dabba ya fito ya dawo gona. Kuma kar ka ce za ka gyara eka huɗu a shekara ɗaya, takin gidanka ba zai kai ba, in ka barbaza shi ko'ina kaman gishirin miya ba inda zai nuna. Raba gonar huɗu, kowace shekara eka ɗaya ta samu takin gida sosai, shekara huɗu ka zagayo.

Bari in daɗe kaɗan a kan takin gidan nan don a nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Yawancinmu shara ake yi a tara kashin awaki a bayan gida rana na dukan sa wata da watanni, sannan tun Fabrairu a fara jido da amalanke a jibge shi tsibi-tsibi a gona ya ƙara shan rana da iska har Yuni. Abin da ya rage a lokacin rabi ƙura ce, naitirojin ɗin ya bi iska. Kuma fitsarin dabba, wanda kaso mai yawa na naitirojin da fotash ke cikinsa, ba wanda ya kula shi, ƙasa ta shanye a turke. Gyaran ba wuya. Shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa ko ragowar karan da suka ci suka bari a ƙarƙashinsu ya riƙa tsotse fitsarin, duk sati biyu ka kwashe ka zuba a rami a inuwa, zurfinsa ya kai ƙugu haka, ka riƙa yayyafa ruwan wanke-wanke wanda ba omo a ciki, ɗan toka kaɗan, ka rufe da ciyawa ko tsohon buhu. Soka sanda a tsakiya, bayan kwana kaɗan in ka zaro ka ji ta da zafi toh aiki na tafiya, wannan zafin ne ma ke kashe yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin. Juya shi sau biyu ko uku. In ya nuna za ka ga ya yi baƙi, ba wari, yana marmashewa a hannu. Kai shi gona dab da faɗuwar damina, kuma kar ka watsa a sama, zuba shi a kwarin kunyar bara, in an zo huɗa aka fasa tsohuwar kunya sai ta rufe shi, sabuwar kunya ta zauna a kansa, saiwa ta sauka kai tsaye cikin abinci. Wannan dabarar kaɗai, da adadin takin da ka saba, za ka ga bambanci.

Kashin kaji yana da ƙarfi amma ɗanye yana ƙona shuka, a bar shi ya huce. Bolar cikin gari kuwa da ake sayarwa a tifa, ni ban hana ba amma dan Allah a tsince leda da batir da kwalabe da allurai, na ga gonakin da leda ta yi musu yawa har garma na tuƙewa. In kuma kana da Bafulatanin da kuka saba kuka yarda da juna, tsohon tsarin nan na iyayenmu na a sauke shanu a gona bayan kaka su kwana a wuri ɗaya a riƙa matsar da su, a ba shi ɗan hatsi, har yau ba abin da ya kai shi arha, duk wanda ya taɓa noma mashekari ya sani. Na san yarda ta yi ƙaranci yanzu, shi ya sa na ce wanda kuka saba, kuma a yi magana a gaban mai unguwa.

Sai juyin shuka. Gefen nan da wuta-wuta ta cinye, bana kar masara ta shiga, saka waken suya ko gyaɗa. Akwai irin waken suya na cibiyar binciken noma ta IITA mai suna TGX 1448-2E da aka daɗe ana amfani da shi kan wannan matsala, saiwarsa na yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro, in ya tsiro bai samu abin kamawa ba sai ya mutu. Auduga ma na yin haka, kuma ina zargin lokacin da auduga ke da daraja a Gombe ana juya ta da dawa, gonaki na samun wannan amfanin ba tare da an lura ba. Shekara ɗaya ba za ta share irin da ya taru ba, sai an maimaita. Waken suya da gyaɗa da wake ba sa buƙatar yuriya, naitirojin daga iska suke kamowa ta hanyar ƙurajen nan da ke jikin saiwarsu, abin da suke so shine supa, takin nan mai fosfaras. In za ka samu NoduMax, garin da ake cakuɗa irin waken suya da shi kafin shuka, ka saka. Lokacin da ya fara fure tuge guda ɗaya a hankali ka fasa ƙurjin da farce, in cikinsa ja-ja ne yana aiki, in fari ne ko kore toh zaman banza yake. Wani abu da ba a cika faɗa wa manoma ba: in ka tuge waken suya da saiwarsa ka kai gida ka casa can, kusan duk abin da ya tara ka tafi da shi. Yanke shi za ka yi a bar saiwar a ƙasa, ganyen da ya zuba ma a bar shi.

A sauran ekokin da za ka yi masara, ka nemi iri mai jure wuta-wuta cikin jerin SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta IAR Samaru daga dillalin da ka yarda da shi, kuma in masara ta yi kaman wata ɗaya da rabi ka soka wake a tsakani ya yaɗu ya rufe ƙasa. Takin zamanin kuma a daina watsa shi a sama. Yuriya in ta kwana a fili a ƙasa mai ɗumi wani kaso na tashi ya bi iska. Yi rami da tsinke ɗan nesa da gindi kaman tsawon yatsa, zuba, rufe. Murfin kwalbar lemo ya isa ma'auni, cikinsa ɗaya na kamfa wajen giram shida ne, da shi cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta koya wa manoman gero a Nijar saka taki kaɗan a gindi. Masara ta fi gero ci, amma dabarar ɗaya ce. Kamfa cikin sati biyun farko, yuriya a sati na biyar zuwa shida, kuma ƙasa na da danshi. A ekar da ta samu takin gida za ka iya fara rage buhu daga shekara ta biyu kana kallon launin ganye.

Ƙona gona dai a daina. Naitirojin da salfa hayaƙi ke tafiya da su, tokar da ta rage mai ɗauke da fotash iskar bazara ta kwashe. Duk abin da dabbobi suka bari a jera shi a kwarin kunya. In ɗanyen kara mai yawa ka binne lokaci ɗaya dab da shuka za ka ga masara ta yi rawaya da farko, sabida halittun da ke ruɓar da shi sun ari naitirojin ɗin, don haka mai kauri a bar shi a sama gara ta yi aikinta. E, gara. Na san ba a ƙaunarta, amma in ta samu busasshen kara shi take bi, ramukan da take yi kuma nan ruwa ke shiga.

Ban san ko gonarka na da gangare ba, in akwai, kunya ta gitta gangaren kar ta bi shi, mai shanun huɗa zai yi ƙorafi don ya fi son dogon layi amma gonarka ce. A ƙasa mai yashi ka ɗaure kwarin kunya da ɗan tudun ƙasa duk taku uku ko huɗu ruwa ya tsaya ya nutse. Kan iyaka ka dasa gamba ko jema, suna tare ƙasa kuma ga zana ga abincin dabba. Duk wanda ya ga kwazazzaban da suka ci unguwanni a cikin garin Gombe ya san daga ƙaramar hanyar ruwa suke farawa. Wannan ɗaure kunyar ba na masu baƙar laka irin ta wajen Balanga da Dadin Kowa ba ne, su ruwa kwanciya yake musu, hanyar fita suke nema masa. Haka ramukan zai da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da su, waɗanda a Nijar ake kira tassa, rami ne faɗin kamu ɗaya da ake haƙa da rani a zuba taki cikin tafin hannu a shuka a ciki, maganin fako ne mai tauri inda ruwa ke gudu a sama, sun fi dacewa da wajen Nafada ko Gamawa da Zaki. In kana da wani fako a gonar gwada a nan kawai.

Bishiya kuma, ita ce mai jinkiri amma ita ce ba ta cin kuɗi. Ba ma sai ka dasa ba. Kututturan kargo da sabara da magarya da ake sassabewa kowace bazara saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Zaɓi wasu, a kowane ka bar reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ka yanke sauran, ka riƙa yi musu aski duk shekara su miƙe sama. Da wannan aka mayar da bishiyoyi gonakin Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980, aikin da wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ya fara da manoman wurin, sassabin zamani suke ce masa, kuma an ƙiyasta ya kai hekta miliyan biyar. Shi da Sawadogo duk sun samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ruwan Maraɗi bai kai namu ba, toh mu me zai hana. In Allah ya sa ka ga ɗan gawo ya tsiro a gonarka ka kewaye shi da ƙaya kaman jariri, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya zubo 'ya'ya dabbobi su taru a gindinsa su bar maka kashi. Turare da darbejiya kuwa kan iyaka ko bakin hanya, kar su shiga tsakiyar gona. Eka huɗu, bishiya talatin zuwa arba'in da ake yi wa aski ba za su hana garma wucewa ba. Sai dai ka sa ido kan masu gawayi.

Sa'arka ɗaya gonar gado ce, da haya ce da ban ba ka rabin wannan shawarar ba, don sau da yawa mai haya na gyara gona mai ita zai ce bana da kansa zai noma. Kar kuma ka sa rai da abin mamaki a damina ɗaya. Shekarar farko abin da za ka fara lura da shi shine in ruwa ya ɗauke kwana goma, ekar da ta sha takin gida ba za ta naɗe ganye da wuri kaman sauran ba. Buhu kuwa sai shekara ta biyu zuwa ta uku zai fara magana sosai.

Bana ka bar kunya goma a gefe ka noma su yadda ka saba, kar ka canza musu komai, da kaka ka auna su daban da kunya goma na ekar da ka gyara, ka rubuta a littafi har da ranar shuka da abin da ka zuba. In ka haƙa ramukan nan biyu ka faɗa min abin da ka gani, da yawan dabbobin da kake da su a gida, sai mu lissafa ko takinsu zai ishi eka ɗaya ko sai ka fara da rabi. Allah ya ba mu damina mai albarka.